Saura kwana tara jarrabawar Tsarin Mulki: sassa zan haddace ko shari'o'i?

Ummi_DE:
Assalamu alaikum 'yan gida. Don Allah manyanmu a taimaka. Ni sabuwa ce a Kongo, harabar ABU Zariya inda ake karatun lauya, ta DE (shiga kai tsaye) na shigo bana, kun ga kai tsaye na faɗa aji biyu ba tare da shekarar share fagen da sauran suka samu ba. Saura kwana tara mu rubuta Dokar Tsarin Mulki, kaina ya ɗau zafi. Kundin 1999 sashe 320 ne. Ga tarihi tun daga kundin Gwamna Clifford na zamanin Turawa, ga shari'o'in da na jera a littafina sun haura talatin. Jiya daga bayan isha'i har ƙarfe ɗaya ina haddar Babi na Huɗu, na haƙƙoƙin ɗan Adam, da asuba na tashi na kasa tuna 37 ne sirri ko 38. A ɗan wannan lokacin lambobin sassa zan haddace, ko shari'o'i, ko in kama tarihi tunda shi ya fi shiga kai?

ƊanGyallesu:
Wa alaikumus salam. 37 sirri, 38 addini. Ƙanwata ki haddace sassa. Mai duba takarda yana da ɗaruruwa a gabansa, idonsa lamba yake nema. Ya ga kin rubuta sashe na 1(3), ya ja alama, ya wuce.

Bakano_a_Kongo:
Wannan shawarar ce ta kusa jawo mini kariyoba bara. Na shiga da sassa a kaina kamar ɗan allo, tambaya ta zo a labari: wai majalisar wata jiha ta yi doka kaza, ka ba gwamna shawara. Na zuba lambobi har guda takwas, ban ce wa gwamnan komai ba. Da ƙyar na haye.

ƊanGyallesu:
To ai ba laifin hadda ba ne, kai ne ba ka san inda ake sauke ta ba.

Anti_Barista:
Ummi, kwantar da hankalinki. Babu wanda ya haddace 320, har mu da muke shiga kotu buɗe kundin muke yi. A matakinki sassan da suke aiki ba su wuce ashirin da 'yan kai ba. Na 1 fifikon kundin a kan kowace doka. Na 4, 5 da 6 rabon iko tsakanin majalisa, ɓangaren zartarwa da kotuna. Na 9 yadda ake gyara shi. Na 12 yarjejeniyoyin ƙasa da ƙasa. Sai 33 zuwa 46, wato Babi na Huɗu, sai 143 da 188 kan tsigewa, sai 305 kan dokar ta-ɓaci da 308 kan kariyar shugaban ƙasa, gwamnoni da mataimakansu daga ƙara.

Abin da ya cece ni a lokacinmu shi ne ban taɓa karanta sashe shi kaɗai ba. Kowanne sai na ɗaura masa mutum. Misali 41, 'yancin zirga-zirga da haramcin korar ɗan ƙasa. Ki tuna Shugaba Abdurrahman Darman, shugaban masu rinjaye a majalisar Borno, ɗan jam'iyyar GNPP, wanda aka ɗauka a 1980 aka tsallakar da shi Chadi wai ba ɗan Najeriya ba ne, kotu a Maiduguri ta ce a dawo da shi. A ƙarƙashin kundin 1979 aka yi, amma ƙa'idar ita ce dai. Na 36(12), ba a hukunta mutum kan laifin da ba a rubuta shi a doka ba: Aoko da Fagbemi, 1961. Na 42, wariya: Ukeje, 2014, inda Kotun Ƙoli ta rushe al'adar hana 'ya mace gadon mahaifinta a ƙasar Ibo. Lamba tana zamewa daga kai, amma mutumin da aka kai Chadi ba ya zamewa.

Ummi_DE:
Na gode Anti, Allah ya saka. Ashe shari'o'in ba wani kaya ne daban ba. Ni shafinsu daban na yi musu, sassa ma shafinsu daban.

Sadiya_TudunWada:
Tarihin ma kada ki yar. Kusan ba a rasa shi, kuma makin banza ne. 1914 haɗewar Arewa da Kudu, 1922 Clifford, 1946 Richards wanda ya kawo tarayya, 1951 Macpherson, 1954 Lyttleton, 1960, 1963, 1979, 1999. Shi ke nan.

Barista_Gobe:
Gyara kaɗan Sadiya. Richards yankuna uku ya kawo, Arewa, Yamma da Gabas, amma majalisunsu shawara kawai suke bayarwa, iko yana tsakiya. Tarayya ta gaskiya, inda aka raba iko a rubuce tsakanin tsakiya da yankuna, sai a Lyttleton, 1954. Wannan ramin yana cin mutane duk shekara.

Sadiya_TudunWada:
Innalillahi. Haka na rubuta a tes. Yanzu na gane inda makina ya tafi.

Baba_Tanimu:
'Ya'yana ku ba tsoho wuri. Ni ba lauya ba ne, malamin tarihi ne mai ritaya, ɗana ya saka ni a nan. In kun zo kan Clifford kada ku tsaya a cewa ya kawo zaɓe. Ku faɗi zaɓen wa. Kujeru huɗu ne kacal, uku Legas, ɗaya Kalaba, kuma sai namiji mai samun fam 100 a shekara ke jefa ƙuri'a. Arewa ba ta cikin hurumin majalisar ma, Gwamna ne yake yi mana doka da sanarwa. Sai a Richards aka zaunar da Arewa da Kudu a zaure ɗaya. Wanda ya san wannan zai fahimci dalilin da ya sa taron Ibadan na 1950 ya yi zafi, har wakilan Arewa suka tsaya kan sai an ba su rabin kujeru. Sarkin Zazzau na lokacin yana cikin waɗanda suka tsaya kai da fata a kan haka.

Ummi_DE:
Baba Allah ya ƙara lafiya. Wannan ban gan shi a handawut ba.

Nura_Samaru:
Ni injiniya nake karanta, leƙowa kawai na yi, amma ku lauyoyi ku ba ni amsa. Kundin ya buɗe da cewa mu jama'ar Tarayyar Najeriya mun amince. Yaushe aka tambaye mu? Ba Janar Abdulsalami ne ya sa hannu ba? Kuna ta wahalar haddar takardar da soja suka rubuta.

Barista_Gobe:
Ba ka yi ƙarya ba. Dokar soja ta 24 ta 1999 ce ta kafa shi, bayan kwamitin Mai Shari'a Niki Tobi ya zagaya ya ji ra'ayoyi, aka ɗauko na 1979 aka yi masa kwaskwarima. Babu ƙuri'ar raba gardama. Shi ma na 1979, duk da kwamitin Rotimi Williams da majalisar tsara shi da Udo Udoma ya shugabanta, soja ne suka sa hannu bayan sun cusa nasu, har da Dokar Amfani da Ƙasa. Amma bambanta abu biyu, Nura: ko jama'a sun haife shi, da ko yana aiki a matsayin doka. Na biyun babu kotun da ta ce a'a. Ummi, wannan ma tambaya ce mai iya fitowa, ki shirya hujjar ɓangarorin biyu.

Nura_Samaru:
Wato an yi aure ba da yardar amarya ba, amma tunda ta tare shi ke nan.

Bakano_a_Kongo:
Har ta haihu. An yi gyare-gyare nawa tun 2010.

Hajara_Shari'a:
A kan gyara, kashi biyu bisa uku na kowace majalisar tarayya ne, sannan majalisun jihohi 24 cikin 36 su amince, ko? Haka na riƙe.

Anti_Barista:
Haka ne, amma ki ƙarasa. In sashe na 8, na ƙirƙirar sabbin jihohi, za a taɓa, ko shi kansa na 9, ko Babi na Huɗu, to huɗu bisa biyar na duka 'yan kowace majalisa ake nema. Ki riƙe misali biyu na kusa: a 2018 an rage shekarun takarar shugaban ƙasa daga 40 zuwa 35, na majalisar wakilai da ta jiha daga 30 zuwa 25. A Maris 2023 kuma an buɗe wa jihohi ƙofar lantarki, jirgin ƙasa da gidajen gyaran hali. Duk mai karatu da tsohon kundin da ya gada wajen yayansa ya kula.

ƊanGyallesu:
Kun gani? Lambobi ne dai. 24, 36, huɗu bisa biyar. Fahimta ba ta ba ka waɗannan, sai hadda. Na ce a haddace an taso mini.

Maman_Iman:
Ni abin da ya tsaya mini a wuya Babi na Biyu ne, na manufofin gwamnati. Sashe na 14(2)(b) ya ce tsaro da jin daɗin jama'a su ne babban aikin gwamnati. Na 18 ya yi maganar ilimi kyauta. Sai ka koma 6(6)(c) ka tarar an ce kotu ba ta da hurumin tambayar ko an cika. An ba ka da dama an karɓe da hagu. Ranar da aka koya mana na dawo gida raina a ɓace, ga kuɗin makarantar yara a gabana.

Barista_Gobe:
Maman Iman akwai 'yar taga. In Majalisar Tarayya ta ɗauki wani abu daga babin ta mayar da shi doka, to wannan dokar kotu za ta yi aiki da ita. Shari'ar Ondo da Gwamnatin Tarayya ce, 2002, kan dokar ICPC, aka jingina ta da sashe na 15(5) mai maganar kawar da cin hanci. Ga kuma Yarjejeniyar Afirka ta Haƙƙin Ɗan Adam, wadda aka mayar dokar cikin gida. A shari'ar Abacha da Fawehinmi, 2000, Kotun Ƙoli ta yarda tana da ƙarfi a kotunanmu, amma ba ta hau kan kundin ba. Wanda ya rubuta "ba a kai ƙara a kai" ya tsaya, rabin maki ya ci.

Maman_Iman:
Taga ce kam, ba ƙofa ba. Na ji.

Sani_Kwangila:
Bari in ba ku nawa. Sashe na 35 ban haddace shi ba, shi ya haddace ni. Hutun da ya wuce aka kama ƙanena kan rigimar waya, aka tsare shi a wani caji ofis tun Talata. Ranar Alhamis na je da ɗan kundina a aljihu, na gaishe da mai kula da shi cikin ladabi, na ce ranka ya daɗe doka ta ce a kai shi kotu cikin kwana ɗaya in akwai kotu a tazarar kilomita 40, in babu kwana biyu. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce aji nawa kake. Na ce biyu. Ya ce to ka dawo in ka gama. Sai da kawunmu ya zo da lauyan gaske aka ba da beli. Amma yanzu ko cikin barci aka tashe ni zan kawo 35(4) da (5).

Anti_Barista:
Sani ka yi ƙoƙari, amma nan gaba ka tafi da babba tun farko. Kuma ka ƙara da (7): in laifin mai hukuncin kisa ne, wannan ƙa'idar lokacin ba ta hau kansa ba.

Ummi_DE:
Ku yi haƙuri in dawo da mu. Na duba tambayoyin shekarun baya, tsige gwamna ya fito fiye da sau ɗaya. 143 ne ko?

Hajara_Shari'a:
143 shugaban ƙasa da mataimakinsa. Gwamna 188.

Baba_Tanimu:
Wannan a gabanmu aka fara shi, 'yata. Yuni 1981, Alhaji Balarabe Musa, gwamnan tsohuwar jihar Kaduna da ta haɗa da Katsina. Shi ɗan jam'iyyar PRP, majalisa NPN ce ke da rinjaye. Sun ƙi amince masa da kwamishinoni, ya yi mulki babu su har suka tsige shi. Shi ne gwamnan farar hula na farko da aka yi wa haka a ƙasar nan. Ina koyarwa a lokacin, a rediyo muka ji, ɗakin malamai ya rabu biyu, wasu ba su yi wa juna magana ba har ƙarshen zango. Ya je kotu, aka ce masa kundin ya hana ta sa baki.

Anti_Barista:
Baba ya ba ki rabin amsa, ga ɗaya rabin. Wancan hanin yana nan a 188(10). Amma a shari'ar Inakoju da Adeleke, ta tsige Ladoja na Oyo a 2006, Kotun Ƙoli ta ce hanin ba ya aiki sai an bi matakan da suka gabace shi ɗaya bayan ɗaya. 'Yan majalisa 18 cikin 32 ne suka zauna a otal a Ibadan suka fara lamarin. Yi lissafi, biyu bisa ukun 32 ya wuce 21, kuma otal ba zauren majalisa ba ne. Aka mayar da shi kujerarsa. Niki Tobin da Barista Gobe ya ambata shi ya karanta babban hukuncin.

Matakan ki riƙe su a jere: takardar zargi da sa hannun ɗaya bisa ukun 'yan majalisa. Kakaki ya isar da ita cikin kwana 7. Cikin kwana 14 a kaɗa ƙuri'ar bincike, biyu bisa ukun duka mambobi. Babban Jojin jiha ya naɗa mutum bakwai. Su kawo rahoto cikin wata uku. In sun wanke shi magana ta mutu, in sun same shi da laifi majalisa ta sake kaɗa biyu bisa uku cikin kwana 14. In tambayar labari ce, mai tambayar ya ɓoye kuskure a ɗaya daga matakan nan. Aikinki ki tono shi, ki kawo sashen, ki ɗora shi a kan labarin, ki faɗa wa gwamnan matsayinsa. Kada ki ba da tarihin Ladoja shafi biyu.

ƊanGyallesu:
7, 14, 7, wata uku, 14. Anti ai kin dawo layina.

Anti_Barista:
Ban taɓa cewa kada a haddace komai ba, Ɗan Gyallesu. Cewa na yi a san na wane ne.

Zazzau_Ta_Dikko:
Tunda ana maganar biyu bisa uku, a tuna wa Bakano ranar da Kotun Ƙoli ta raba jiharsu gida uku kamar gurasa.

Bakano_a_Kongo:
Na san za a zo nan. Bazazzagi ba ya ganin Bakano ya wuce lafiya.

Ummi_DE:
Wace shari'a ce wannan?

Zazzau_Ta_Dikko:
Awolowo da Shagari, 1979, kan zaɓen shugaban ƙasa. Jihohi 19 ne a lokacin, doka ta ce sai ka samu kashi 25 cikin ɗari a biyu bisa ukunsu. Shagari ya samu a 12. A Kano, inda Malam Aminu ya kwashe, ya tsaya a 19.94. Awolowo ya ce biyu bisa ukun 19 sai a cika shi 13, tunda ba a gutsura jiha. Richard Akinjide, lauyan Shagari, ya ce a'a, 12 ne da biyu bisa uku, don haka a ta sha ukun rubu'in biyu bisa ukun ƙuri'un kawai ake nema, wajen kashi 16.7 ke nan. Kotu ta yarda, Mai Shari'a Kayode Eso ya saɓa. Irin wannan gardamar ta dawo a 2023 kan sashe na 134, mai wannan sharaɗin, da matsayin Abuja, kotu ta ce a lissafa ta kamar jiha.

Bakano_a_Kongo:
Ko an raba mu uku, kaso ɗaya ya fi Zariya kasuwa. Ku fara koyon bambanta mace da namiji a magana tukuna, "yarinya ya zo".

Zazzau_Ta_Dikko:
Sashe na 42 muke bi, ba ma wariyar jinsi.

Admin_Kongo:
Jama'a a sassauta, yarinya tana da jarrabawa.

Barista_Gobe:
Babu wanda ya ambaci mulkin soja, kuma ba a kai ƙarshen kwas ɗin nan ba a taɓa shi. Lakanmi, 1970. An ƙwace masa dukiya da dokar soja, Kotun Ƙoli ta ce abin da ya faru a Janairun 1966 miƙa mulki ne bisa larura, kundin 1963 bai mutu ba, kuma dokar da ta ambaci mutum da suna ta hukunta shi ta shiga aikin kotu. Cikin 'yan makonni gwamnatin Gowon ta fito da Doka ta 28 ta 1970 ta shafe hukuncin. Shari'a ɗaya ce amma tana shiga tambaya uku: rabon iko, fifikon kundi, da juyin mulki. Ki haɗa ta da ta Gwamnan Legas da Ojukwu, 1986, inda kotu ta ce gwamnati ba za ta fitar da mutum daga gida da ƙarfi ba alhali magana tana gaban alƙali. Da waɗannan biyun sai ki sa masanan nan, Dicey na bin doka da Montesquieu na rabon iko, a layi biyu ki wuce.

Hajara_Shari'a:
Mu 'yan ɓangaren Shari'a kuma kada a manta 275 zuwa 279, musamman 277, hurumin Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a: aure, gado, wasiyya, wakafi, riƙon yara. Ana son haɗa shi da sashe na 10, mai hana gwamnati ɗaukar wani addini a matsayin nata, da na 38.

Anti_Barista:
Hajara ki duba jadawalin kwas ɗinku, a wurare da yawa ɓangaren kotuna sai semista ta biyu. Kada mu ɗora wa Ummi abin da ba a koya musu ba. Ummi, littafin lakcarki shi ne alƙali, duk abin da muka faɗa nan wanda malaminku bai taɓa ba ki ajiye shi gefe.

Ummi_DE:
Na duba Anti. Kotuna ba mu kai ba, 305 da 308 ma ba mu kai ba. Ga abin da na tsara: kwana biyu tarihi da ma'anoni, kwana biyu sashe na 1 zuwa 12 da Lakanmi, kwana ɗaya Babi na Biyu, biyu Babi na Huɗu, ɗaya tsigewa, na ƙarshe tambayoyin baya. Na yage shafin shari'o'in, ina mayar da kowacce ƙarƙashin sashenta. Sun ragu zuwa sha huɗu.

Bakano_a_Kongo:
Kin bar tambayoyin baya a rana ta ƙarshe? Kuskure. Kullum ki amsa ɗaya da agogo a gabanki, minti 35, da biro. Hannu ma sai ya saba.

ƊanGyallesu:
Kuma kullum da asuba ki karanta 33 zuwa 46 da ka. Rai, mutunci, 'yancin kai, adalcin shari'a, sirri, addini, magana, taro, zirga-zirga, wariya, mallaka, ƙwace dukiya, iyakancewa, babbar kotu. Minti ɗaya ne.

Nura_Samaru:
Har yanzu dai ba a faɗa mini ranar da aka tambaye ni ba.

Sadiya_TudunWada:
Nura ka bari sai bayan jarrabawa. Ummi, mu huɗu muna zama bayan la'asar kusa da laburare, ki zo gobe. Wa ke da kundin da ya ƙunshi gyaran 2023? Nawa na yayana ne, har yanzu shekara 40 ya ce.

Sani_Kwangila:
Ina da shi a waya, zan turo. Amma wani ya zo da caja, tawa tana wajen ƙanen nan nawa.